Hanyar da Kare Ya Ƙi Bi

Ƙararrawar tashar jirgin ruwa ce ta tashe mu ranar Alhamis da sassafe. Kafin in gama sa takalmi warin ya riga ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, irin warin da ke shaƙe maƙogwaro ya sa mutum hawaye ba tare da an yi masa rasuwa ba. Na jiƙa tawul na toshe hanci, na gangara bakin teku.

Na tarar famfunan kariya sun buɗe da kansu, suna ta feshin ruwa a kan farin tankin da ake ajiye man sabon jirginmu. Rana tana leƙowa ta bayan dutse, sai ga wani ɗan ƙaramin bakan gizo a cikin feshin, tsayinsa bai fi na akuya ba. Na tsaya ina kallonsa har na manta abin da ya fito da ni.

"Kawu, ja da baya! Kallon me kake yi a nan?"

Solfrid ce, 'yar ƙanwata, injiniyar jirgin. Ta fito daga cikin feshin sanye da rigar roba, ta fizge abin da ta rufe fuska da shi, idanunta jawur. Ta ce ta rufe bawul ɗin, wato kan famfon tankin, haɗari ya wuce.

Man da jirgin nan ke sha amoniya ce. Ni ban yi nisa a makaranta ba, tun ina saurayi nake kama igiyar jirgi a wannan tasha, amma Solfrid ta yi ta maimaita mini har na gane. Da iska da ruwa ake yin ta, da wutar lantarkin da ruwan duwatsunmu ke bayarwa, kuma in ta ƙone ba ta fitar da hayaƙin nan da ke taruwa a sama yana ɗumama duniya. Jirgi mai cin iska da ruwa! Tun ranar da na ji haka nake yawo da maganar a kaina. Aibinta ɗaya ne: in ta kuɓuce daga tanki, guba ce.

Ranar Asabar aka shirya jirgin zai fara jigila tsakanin tsibirinmu da babban yanki, tsohon jirgin dizal da muke kira Mai Tari ya huta. Rabin gari suna murna, rabi kuwa tun kafin ya iso suka raɗa masa suna Mai Wari.

Da iska ta kwashe warin, mutane suka taru a bayan shingen waya. Arnfinn ne a gaba, tsohon direban Mai Tari, yana jan kwandon da yake ajiye ƙaguwoyinsa a ƙarƙashin gadar tasha. Ruwan feshin ya gangara kansu, duk sun mutu.

"Ku gani da idonku!" Ya zazzage su a ƙasa. "Yau ƙaguwa, gobe jikokinmu. Kuma ku dubi ƙofar. Tankin guba, an ɗaure ƙofarsa da igiya kamar garken tumaki!"

Kowa ya juya. Gaskiya ne, babu kwaɗo a ƙofar shingen. Wata shuɗiyar igiyar leda ce ɗaure a wurin. Solfrid ta gefen jirgi ta shiga, ba ta ma lura ba.

"Da hannuna na kulle ta jiya," in ji ta. "Da kwaɗo."

"To ina kwaɗon, 'yar boko? Ƙaguwa ta haɗiye?"

Wasu suka yi dariya. Jostein, manomin da ke can saman tudu, wanda tun farko yake cikin masu son jirgin, ya ce a hankali, "A bi yarinya sannu mana." Ba wanda ya saurare shi.

Bjarne, ɗan sandan da ke kula da tsibirai uku shi kaɗai, ya gama magana a waya ya ja mu gefe. Ya ce sufeto na zuwa daga Trondheim gobe. Kyamarar tashar ba ta ga komai ba, don wani tsuntsun teku ya mai da kanta masai tun makon jiya. In ba a sami wanda ya taɓa tankin ba, sakaci za a rubuta: a karɓe takardar aikin Solfrid, a ɗaure jirgin, Mai Tari ya ci gaba da tarinsa.

"To yanzu fa?" na ce.

"Na kira Torunn."

*

Torunn ita ake kira duk lokacin da maharbi ya raunata barewa ta gudu daji, ko mota ta buge ta ta ɓace. Ba a barin dabba da ciwo a daji, sai an bi ta an same ta, kuma a tsibirinmu ita ke bi. Mace ce doguwa, ta ba sittin baya, kullum da busasshen kifi a aljihu, rabi nata rabi na karenta Tass.

Ta daɗe tsugune a gaban ƙofar tana kallon ƙullin igiyar ba ta taɓa ba. Sannan ta saki Tass. Kare ya kai hanci ƙasa, ya yi atishawa sau uku, ya koma bayan ƙafafunta ya kwanta.

"Shi ke nan," in ji Bjarne. "Hancin ya ƙone."

"Hancinsa lafiya lau. Hankali ne da shi." Ta dubi Solfrid. "Nawa ya ragu a tankin?"

"Abin da ke damuna ke nan. Ya ragu da yawa. Da a iska ya tafi duka, da yanzu babu mai tsayuwa a nan. Abin da ya zuba kaɗan ne, bawul ne ba a murɗa ya kai ƙarshe ba."

"Ashe ba zubarwa aka zo yi ba. Ɗiba aka yi."

"Wa zai saci amoniya?" in ji Bjarne. "Ya yi me da ita, ya zuba a kofi?"

Torunn ta ciro wuƙa ta yanke igiyar ta baya, ta bar ƙullin yadda yake, ta sa a aljihu. Ta ce da ni, "Halvard, kai da ba ka da aikin yi sai kallon gajimare, zo ka riƙe mini kare."

*

Arnfinn muka fara zuwa wa. Kowa ya san shi ya yi ta manna takardu a jikin shago yana cewa a kori Mai Wari. Muka same shi a rumfar jiragensa yana wanke kwando.

"Kin zo kama ni? Bismillah, ga hannu."

"Kofi na zo sha. Ɗaure mini karen nan a turke, bayana na ciwo."

Ya karɓi igiyar yana gunaguni, ya murɗa hannu sau biyu, ƙulli ya zauna daram irin na 'yan jirgi. Torunn ta ciro na aljihunta ta ajiye a kan benci.

"Wannan fa?"

Arnfinn ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera. "Wannan ai ɗaurin saniya ne. Zarge. Ka ja bakin ya warware. Ni Arnfinn in yi wannan? Ko a buge nake, ko a cikin akwatin gawa, hannuna ba zai yarda ba."

"Solfrid fa?"

Shi ya koya mata ɗaurin igiya tun tana 'yar ƙarama tana bin mu a tasha.

"Ita ma ba za ta yi ba," ya ce da ƙyar. "Amma wannan bai wanke jirgin ba!"

"Ban ce ya wanke ba. Ina kofin?"

*

Daga nan sai wurin Oddvar, mai sayar wa Mai Tari dizal shekara da shekaru. Wata maƙwabciya ta gaya wa Bjarne ta ga motar tankin Oddvar ta wuce ta tasha da asuba ba fitila. Da muka ambata masa, kunnuwansa suka yi ja.

"Mai na kai."

"Wa ka kai wa?"

"Wani."

"Wanin nan ba shi da suna?"

Ya yi ta goge hannu da tsumma, hannun da ba komai a jikinsa. Na ce a raina mun kama ɓarawo. Torunn ta zagaya bayan motar, ta ƙwanƙwasa tankin, ta shafa bakin tiyon. Tagulla ne, yana ta sheƙi. Ta kira Solfrid a waya, Solfrid kuwa ta ce amoniya cin tagulla take yi, kuma tankin dizal ba zai riƙe ta ba, sai tanki mai kaurin ƙarfe. Tass ma ya shinshina tayoyin ya ɗaga ƙafa ya yi abinsa hankali kwance.

Torunn ta leƙa kujerar gaba. Akwai kwano lulluɓe da adiko mai zanen jan fure.

"Oddvar, wannan adikon na Borghild ne. Ni na ba ta ranar bikinta da marigayi."

"Don Allah, Torunn."

"Da asuba ake kai wa bazawara dizal yanzu? Gidanta da wutar lantarki take ɗumamawa."

"Ki rufa mini asiri, 'ya'yanta ba su sani ba tukuna."

"Kai kaɗai ne ba ka san sun sani ba. Ka riƙa kunna fitila, kada ka buge mini barewa."

Muka fito, ni raina a ɓace. Rana ta yi tsaka, ba mu da kowa.

*

Muka koma tasha. Raɓa ta daskare a daren, ƙasa ta yi tauri, ga kwalta, babu sawun taya ko ɗaya da za a ce na jiya ne. Torunn ta karɓi igiyar Tass ta sassauta masa, muka kama hanyar cikin gari. Kare yana tafiya a tsakiyar hanya yana kaɗa jela, can sai ya kauce ya bi gefe yana atishawa, ya dawo tsakiya. Torunn ta tsaya daidai wurin. Rami ne a kwalta, ciyawar da ke bakinsa ta yi baƙi kamar an zuba mata tafasasshen ruwa.

"Tiyon wanda ya ɗiba tsoho ne," in ji ta. "Duk inda taya ta faɗa rami sai ya ɗiga."

"Amma ai karen ba ya bi."

"Shi ya sa. Yau inda ya ƙi, nan za mu bi."

Haka muka yi ta tafiya, kare na gudun hanya mu muna binta. A mararrabar coci Tass ya ja mu da ƙarfi zuwa hanyar bakin teku. Ta juyo da shi hanyar tudu, ya turje ya zauna. Ta ba shi kifi, ta shafa kansa, muka hau tudu muna jansa.

Gonaki uku ne a saman. Daga nan kwalta ta ƙare, ɗigon ma ya ƙare, wataƙila tiyon ya gama tsiyayewa. Tass ya warware yana bin ƙamshin zomo. Kowace gona da taraktarta, kowace da shuɗiyar igiya rataye a ƙusa, kowace da dammunan abincin shanu naɗe cikin farar leda, an jera su a bayan rumbu kamar ƙwan wani ƙaton tsuntsu. Matar gona ta farko ta ce ba ta ji komai ba. Mai gona ta biyu kurma ne, ya ɗauka ƙaguwa muka zo sayarwa.

Torunn ta zauna a kan dutse tana tauna kifi, ranta a jagule. Ni kuwa idona ya tafi yawonsa. Bayan rumbun Jostein, mai gona ta uku, yana fuskantar arewa, a wannan watan rana ba ta kai wurin, raɓar da ta daskare tana nan fari fat a kan komai har yamma. A can na hango maguna. Na ƙirga su don daɗi, na sake ƙirgawa. Duk magunan tudun sun taru a kan dammunan da ke ƙarshen layi, sun miƙe ƙafafu suna lumshe ido kamar masu hutu a ƙasar zafi.

"Torunn, kin taɓa ganin majalisar maguna?"

"Halvard, ba yanzu ba."

"Ki duba dai. Sun bar sauran dammunan sun zaɓi waɗancan. Kuma waɗancan ne kaɗai ba su da raɓa, kamar an goge su."

Ta daina tauna. Ta miƙe ta tsallake shinge, na bi ta. Ta cire safar hannu ta ɗora tafinta a kan dami ɗaya mai raɓa, sannan a kan wanda mage ke kai. Ta kama hannuna ta ɗora. Ɗumi ne da shi, kamar cikin tunkiya. A gefensa akwai wani ɗan huji da aka liƙe da sabon salatif.

"Mene ne wannan?" na tambaya.

"Kai ɗan teku ne, ba za ka sani ba." Ta mai da safarta. Daga cikin garke muna jin shanu na kuka, lokacin tatsa ya yi. "Mu tafi."

"Mu tafi? Ki kira Bjarne mana! Yarinyar nan ko abinci ba ta ci ba yau."

"In aka tafi da shi yanzu, wa zai tatsi shanun? Kai? Gobe akwai taro. Ba inda zai je ya bar shanunsa."

*

Ranar Juma'a bayan azahar zauren gari ya cika har bakin ƙofa. Mata sun soya waina, ga cuku mai ruwan ƙasa, ga kofi tulu-tulu, don a wurinmu ko rigima za a yi sai an ci an sha. Sufeton mace ce mai sanyin murya, ta riga ta duba tankin da safe ta ce ƙarfe lafiya, bawul lafiya, saura a san hannun da ya murɗa. Solfrid na zaune kusa da ni, kofinta ya huce ba ta taɓa ba.

Arnfinn ya miƙe zai fara jawabi, Torunn ta shigo da Tass.

"Zauna, Arnfinn, ba kai ba ne. Mai son ɓata jirgi ba ya tsayawa rufe ƙofa a bayansa. Wanda ya yanke kwaɗon nan ya tsaya cikin warin da ke makantar da mutum ya ɗaure ƙofa, don kada yara ko tumaki su shiga. Wanda ya tashi cikin dabbobi ne, ƙafarsa ba ta iya barin ƙofa a buɗe. Oddvar ma ba shi ba ne, shi wani aikin ya fitar da shi."

Aka fashe da dariya. Borghild ta ɗaga kai ta ce, "To sai me?" Dariya ta ƙaru, Oddvar kamar ya nutse cikin kofinsa.

Torunn ta jira aka yi shiru. "Tsofaffin manoman da ke nan, wa ya tuna abin da iyayenmu ke yi wa karan sha'ir in ciyawa ta yi ƙaranci?"

Kurman gona ta biyu, da aka maimaita masa da ƙarfi, ya buga tebur. "Amoniya! A naɗe karan a leda, a soka masa ƙarfe a hura. Bayan makonni ya yi laushi, ya yi ja kamar zuma, shanu su yi ta ci har da lashe baki."

"A ranar farko fa, yaya damin yake?"

"Zafi yake ɗauka! Muna yara a kai muke ɗumama ɗuwawu."

Sufeto ta dubi Solfrid, Solfrid ta gyaɗa kai a hankali, bakinta a buɗe. "Amoniya in ta haɗu da danshi zafi take fitarwa," in ji ta. "Kai! Ban taɓa kawo shanu a raina ba."

Torunn ta bi tsakanin kujeru har ƙarshen zaure, inda Jostein ke zaune da hularsa a gwiwa. Ta miƙa masa hannu.

"Jostein, an kwana biyu. Mu gaisa."

A wurinmu ba a gaisawa da safa a hannu, ko da sanyi zai tsinke yatsu. Jostein na sanye da safar ulu a cikin zaure mai ɗumi. Ya dubi hannunta, ya dubi jama'a. Sannan ya kama bakin safar da haƙori ya zare. Yatsunsa uku naɗe suke da ƙyalle, fatar bayan hannun ta yi fari ta kumbura, irin ƙunar da sanyin amoniya ke yi.

"Ni ne," ya ce.

Ya ci gaba, idonsa a ƙasa. Ruwan da aka yi ta yi duk damina ya ruɓar masa da ciyawa a gona. Mai motar da ke zuwa hura wa manoma amoniya ya daina shigowa tsibiri tun shekaru da yawa. Abin da ya rage masa karan sha'ir ne zalla, wanda ba ya riƙe saniya, kuma mahauta sun riga sun ba shi rana. Ga tsohon tankin babansa a rumbu da tiyonsa da ƙarfen sokawa. Ga kuma tanki cike a bakin teku, yana ganinsa kullum in ya kai madara.

"Na ce abu ɗaya ne da na Baba. Na ce ɗan kaɗan ba zai hana jirgi tafiya ba. Da tiyon ya fesa mini a hannu sai na kasa murɗawa da ƙarfi, na ɗauka ya rufu." Ya sa hannu a aljihu ya ciro sabon kwaɗo a cikin ledarsa, ya ajiye a tebur. "Na saya jiya. Na rasa yadda zan kawo."

"Ka zauna kana ji ana zagin yarinya!" in ji wata daga baya.

"Na ji. Ban yi barci ba."

Solfrid ta tashi. Na ɗauka marinsa za ta yi, don jinin gidanmu ne. Ta kama hannun ta juya shi ta duba. "Da iska ta juyo gari, da yanzu gawa muke ƙirgawa, ka sani? Wawa kawai. Wannan hannun likita zai gani yau, ba ƙyalle ba."

Sufeto ta rufe jakarta. Ta ce ƙararrawa ta yi aikinta, feshin ruwa ya yi nasa, injiniya ta rufe bawul cikin lokaci. Abin da take so a ƙara shi ne makulli a kan bawul ɗin kansa, da ƙusoshi a kan kyamara saboda tsuntsaye. Ta dubi Solfrid ta ce, "Gobe ki tashi jirginki."

Ban san lokacin da na hau kan kujera ba. Ina ta ihu, mata na tafi, Tass na haushi, wani ya kifar da tulun kofi. Solfrid ta rungume Torunn, Torunn ta tsaya ƙiƙam kamar an rungumi itace, tana cewa, "To, to, ya isa, za ki fasa mini kifi."

Bjarne ya dafa kafaɗar Jostein ya ce sai sun je babban yanki, maganar ta kotu ce. Jostein ya ce ya sani, shanunsa kawai yake tunani. Kafin a watse aka yanka gayya: matar gona ta farko ta ɗauki tatsar safe, kurma ya ɗauki ta yamma, duk mai rarar ciyawa ya kai tudu. Arnfinn ya ce shi bai san kan saniya ba, amma zai iya tuƙa tarakta, in dai ba za a sa shi ɗaure komai ba.

*

Asabar ta waye garau, teku kwance kamar an shimfiɗa kwano. Gari duka ya sauko tasha, 'yan makaranta da tutoci, masu busa ƙaho da jajayen kumatu. Fasinjojin farko su ne Bjarne da Jostein, da motar madara, da Oddvar da Borghild da suka shiga tare a gaban kowa, ita riƙe da hannunsa kamar ta kama ɓarawo.

Ni na cire igiya daga turke, aikin da na yi shekaru ina yi. Na jefa ta, yaran jirgi suka janye. Ƙaho ya yi ƙara.

Dukanmu sai muka ɗaga kai muna kallon bututun hayaƙi. Haka muka saba tun muna yara: sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mata sun kare fararen mayafansu, tsofaffi sun yi tari, sannan a san jirgi zai motsa. Muka yi ta jira. Sama tana nan shuɗiya, tsuntsaye na ratsawa ta kan bututun ba su ko kauce ba.

Arnfinn ya tsaya kusa da ni, hannu a aljihu, kai a sama.

"Ka gani ko?" ya ce. "Na faɗa. Ya ƙi tashi. Je ka gaya wa 'yar ƙanwarka ta kira ni in duba mata."

Torunn ta zungure shi da gwiwar hannu. "Sauke kanka, tsoho."

Ya sauke. Tsakanin gadar tasha da jirgin ruwa ya riga ya buɗe, faɗinsa ya fi na filin ƙwallo, farin kumfa na bin bayansa. Can a baya, ƙofar ɗakin inji ta buɗe, Solfrid ta leƙo da man inji a goshi tana ɗaga mana hannu biyu.

Arnfinn ya zare hannu daga aljihu. Sannan ya cire hularsa ta direban jirgi, wadda ko a coci sai matarsa ta yi masa magana yake cirewa, ya ɗaga ta sama, ya buɗe muryar nan tasa da ake ji daga tsibiri zuwa tsibiri.

"Ƙara wuta, 'yata! Ni na koya mata igiya, ku sani! Ƙara wuta!"